Yarona kullum ciwon ciki in za a tafi makaranta

Salam, don Allah a taimaka min. Yarona ɗan aji uku na firamare, tunda aka koma hutun nan kullum da safe sai kuka wai cikinsa na ciwo, amma Asabar da Lahadi ras yake har ƙwallo yake bugawa. Fitsarin kwance ma ya dawo. Mun je asibiti an yi gwajin maleriya da taifod ba komai, malaminsu yace lalaci ne kawai, babansa yayi faɗa abin sai ƙaruwa yayi, in na tambaye shi sai ya sunkuyar da kai. Ni dai zargina ana cin zalinsa ne a makarantar. Ya zan yi ya saki jiki ya faɗa min abinda ke damunsa?