Gas ɗin Beetaloo: da wane ƙarfi makiyaya da 'yan asalin ƙasa ke tare hanya?

Mai_Bibiyar_Jari

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana su warware mini wani ƙulli kan kwarin Beetaloo da ke Yankin Arewa na Ostareliya, kimanin kilomita 500 kudu maso gabashin Darwin. Gwamnatin yankin ta dakatar da fasa dutse da ruwa don fito da iskar gas a 2016. Ta ɗage dakatarwar a Afrilun 2018 bayan rahoton Mai Shari'a Rachel Pepper mai shawarwari 135, kuma a Mayun 2023 ta buɗe ƙofar haƙar kasuwanci. Amma kukan masu zuba jari bai sauya ba: masu gandun shanu da Aborijin, 'yan asalin ƙasar, sun riƙe musu ƙafa. Tun da gas ɗin mallakar gwamnati ne, da me suke tare hanya? Kuma tsoron gurɓacewar ruwa yana da tushe?

Barista

Wa alaikumus salam, Malam. Fara raba ƙasar gida biyu, don hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai ƙasar da dokar 1976 ta mallaka wa Aborijin kai tsaye. A nan masu ƙasa na da ikon cewa a'a, amma a matakin bincike kaɗai. In sun ƙi, a kan jingine buƙatar shekara 5. In sun amince aka gano gas, ba su da damar hana haƙar kasuwanci daga baya. Wannan gaɓar ce ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Dattijon da aka yi wa bayanin 'yan rijiyoyin gwaji shekaru da dama baya, yau jikokinsa na jin ana lissafin ɗaruruwa, kuma an ce sa hannun nan ya ɗaure su.

Mafi yawan Beetaloo kuwa filin kiwo ne na haya daga gwamnati, wanda haƙƙin gado na 'yan asali ke tafiya tare da shi, kamar yadda shari'ar Wik ta 1996 ta nuna yana yiwuwa. Dokar haƙƙin gado ta 1993 ta ba 'yan asalin damar tattaunawa kawai. Bayan wata 6 ba a daidaita ba, kamfani na iya kai maganar gaban kotun musamman ta yanke. Shi ma mai shanu ba ya iya hanawa. Tun 2021 dole a rubuta yarjejeniyar shiga fili kafin a fara aikin haƙa, amma in ya cije, kotu ce ke tsara sharuɗɗan. Haka ta faru tsakanin kamfanin Rallen mai gandun shanu na Tanumbirini da Sweetpea, reshen kamfanin gas na Tamboran, inda Sweetpea ya samu izinin shiga.

Ka ga ke nan a mafi yawan Beetaloo ƙarfinsu na jinkirtawa ne, ba na hanawa ba. Wanda aka hana shi cewa a'a kuwa, abin da ya rage masa shi ne ɗaukaka ƙara, da takardar kare wurare masu tsarki, da zuwa taron masu hannun jari ya faɗi damuwarsa.

Injiniyar_Rijiya

Barista ya gama da doka, bari in taɓa ruwa. Dutsen Velkerri mai ɗauke da gas ɗin da ake nema yana zurfin kilomita 2 zuwa 3 a wurare da yawa. Ruwan da mutane da shanu ke sha kuwa yana cikin dutsen farar ƙasa, 'yan ɗaruruwan mitoci daga sama. Da wuya tsagar da aka yi a can ƙasa ta hauro wannan tazarar. Masu zuba jari da ke kafa hujja da wannan tazarar sun faɗi gaskiya, sai dai ba a nan haɗarin yake ba.

Rijiya dole ta ratsa ta cikin ruwan sha kafin ta kai ga gas. Ana zura bututun ƙarfe hawa-hawa, a cika bayan kowanne da siminti. Dutsen farar ƙasa kuwa cike yake da koguna da ramuka, sai simintin ya zurare cikinsu maimakon ya hau ya rufe bayan bututun. Wurin da ya rage fanko nan gas ko ruwan gishiri ke samun hanya. Shi ya sa gwajin matsi da auna kamun siminti ba abin tsallakewa ba ne, kuma dole a ci gaba da duba rijiyar ko bayan an toshe ta.

Sai yawan ruwa. Ana fasa dutsen mataki-mataki a tsawon rijiyar, kuma kowane mataki na cin lita miliyan 1 zuwa 2, wato rijiya mai mataki 30 tana iya shan miliyan 30 zuwa 60. Wani kaso yana dawowa sama da gishiri mai yawa da sinadarai. In damina ta sauka, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, hanyoyi na yankewa, kuma buɗaɗɗen tanki na iya ambaliya. Rahoton Pepper ya ce a ajiye wannan ruwa a rufaffen tanki saboda haka. Mai shanun da garkensa duka ke sha daga rijiyar burtsatse, in ruwan ya ɓaci ba shi da kogin da zai koma da rani. Tsoronsa ba na jahilci ba ne.

Mai_Bibiyar_Jari

Na gode, Hajiya. To ashe fushin masu jari ba shi da hujja?

Mai_Lissafi

Yana da hujja, Malam, amma rabin labari suke bayarwa. Jinkiri kuɗi ne tsagwaronsa. Lokacin aiki galibi rani ne, don haka ƙarar da ta ci wata 3 tana iya cinye shekara guda, ga hayar injin haƙa na tafiya, ga ƙaramin kamfani na sayar da sabbin hannayen jari don ya rayu, abin da ke rage darajar na tsofaffin masu shi. Ƙa'idoji ma sun ƙaru: a Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta sa irin wannan haƙa cikin ayyukan da sai an tantance tasirinsu ga ruwa.

Abin da ba su cika faɗi ba shi ne, ko da kowa ya yi shiru, Beetaloo wuri ne mai tsada. Injuna da ma'aikata daga nesa ake kawo su. Rijiyar irin wannan dutse tana rasa fiye da rabin ƙarfinta a shekarar farko, kamar yadda aka gani a Amurka, sai an yi ta haƙa sabbi. Bututan da ke kusa, irin na Amadeus, ba su isa ɗaukar yawan gas ɗin da ake tallatawa ba. Origin Energy, kamfanin makamashi, da ta sayar wa Tamboran kasonta a 2022, dalilin da ta bayar shi ne karkata jarinta zuwa makamashi mai tsabta.

Kafin ka sa kuɗi, nemi abu uku a takardun kamfani: yawan gas ɗin da rijiya ta bayar cikin kwana 90 ba kwana 30 ba, lasisin ɗibar ruwa da adadinsa, da shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar 'yan asalin ƙasa. In ta tsufa, duba ko waɗanda ke zaune kusa da rijiyar yau suna cikin waɗanda aka tambaya.