Me ya haɗa Charles Aznavour da Armeniya?

Bakatsine: Assalamu alaikum. Na ga hoton bikin bankwana da gawar mawaƙi Charles Aznavour da aka yi a Paris a watan Oktoban 2018, inda shugaban Faransa Emmanuel Macron ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da firaministan Armeniya, Nikol Pashinyan. Tunda a Paris aka haife shi a 1924, kuma da Faransanci ya yi akasarin waƙoƙinsa, me ya sa Armeniyawa suke ɗaukarsa tamkar nasu?

Badamagare: Wa alaikumus salam, malam. Asalin sunansa Shahnour Aznavourian, kuma iyayensa duka Armeniyawa ne. Mahaifiyarsa na cikin waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin da Daular Usmaniyya ta yi wa Armeniyawa a 1915, iyayen nasa sun sauka a Paris ne suna jiran bizar Amurka, sai zama ya kama su, har suka buɗe ɗan gidan abinci inda mahaifin yake yi wa baƙi waƙa. Abin da ya ƙulla zumuncin sosai shi ne girgizar ƙasar da ta auku a Spitak, a Armeniya, ranar 7 ga Disamban 1988, wadda ta hallaka kusan mutum 25,000. Ya kafa gidauniyar agaji, ya tara mawaƙan Faransa suka rera "Pour toi Arménie", kuma a 2009 Armeniya ta naɗa shi jakadanta a Suwizalan.

Hajiyar Maraɗi: Gaskiya ne, amma kada a manta cewa Faransawan ma ba su karɓe shi hannu bibbiyu da farko ba. Masu sharhi sun ce gajere ne, muryarsa kuma a dishe take, ya shafe shekaru yana yi wa shahararriyar mawaƙiyar Faransa Édith Piaf aikin direba da sakatare yana rubuta wa wasu waƙoƙi, sai a Disamban 1960, a zauren Alhambra da ke Paris, tauraruwarsa ta haska. Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake rera "La Bohème": yakan fito da farin hankici ya riƙa goge hannuwansa kamar mai zanen da ya gama aiki, sannan ya yar da shi, jama'ar sahun gaba su yi ta rububi.

Bakatsine: Na gode, Hajiya. Ashe har ƙarshen rayuwarsa yana hawa dandamali?

Hajiyar Maraɗi: Ƙwarai kuwa. Ya yi wasa a Japan a watan Satumban 2018, sannan ya rasu a gidansa da ke Mouriès, a kudancin Faransa, ranar 1 ga Oktoba, yana da shekara 94.