Wa ya taɓa yin abokin wasiƙa? Ku zo ku ba Ummi labari

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata ta kawo wa Ummi tsarabar wani littafin yara mai hotuna, labarin yara biyu a ƙasashe daban-daban da ke aika wa juna wasiƙa. Shekararta 7, kuma mun karanta shi ya fi sau goma. Jiya ta tsare ni, wai mene ne ɗan hoton nan da ke manne a kusurwar ambulan? Na ce kan sarki ne. Ta ce to ina sarkin? Sai da na yi mata bayanin cewa zamanin Turawa kan sarkin Ingila ake bugawa a jiki, sunan ya bi shi har yau ko da tsuntsu ne a kai. Yanzu ta kafe sai an samo mata ƙawar wasiƙa. Ni ban taɓa yi ba. Abin da ya tsaya min shi ne, a littafin ana aika wasiƙa a wannan shafi, kina buɗe na gaba amsa ta iso. Haka abin yake? Waɗanda suka yi, don Allah ku ba mu labari.

Tsohuwar 'yar boda: Wa alaikumus salam. Shafi na gaba? Hajiya, wata guda ko fiye ne a tsakanin shafukan nan biyu, kuma a jiran nan duk daɗin yake. Ina aji uku a sakandare, 1988, malamarmu ta Turanci ta zo da fom na wata ƙungiya mai suna International Youth Service da ke garin Turku a Finland. Tun 1952 suke haɗa ɗalibai, sai 2008 suka rufe da intanet ta kashe musu kasuwa. Ki rubuta shekarunki, abin da kike sha'awa, da ƙasashen da kike so. Kowa a ajinmu Amurka da Ingila ya cika. Ni kuma rabona ya faɗa kan wata yarinya 'yar Malesiya, har na yi fushi.

Ranar Juma'a bayan asambuli ake kiran sunayen masu wasiƙa. In aka kira ki, tafiyarki ma sai ta canza. Ba na buɗewa nan take, sai na kai hostel na wanke hannu. Wasiƙarta ta uku ce ta kashe min baki: ta ce sun gama azumi, an yi sallar idi, sun ci dafaffiyar shinkafa da ake ƙunshewa a saƙaƙƙen ganyen kwakwa, manya kuma sun raba wa yara kuɗi a koren ambulan. Na ce ashe har da barka da sallah! Wallahi a lokacin na ɗauka daga mu sai Larabawa ke yin sallah. Na mayar mata da labarin hawan daushe, na zana doki da ya fi kama da akuya. Shekara shida muna yi, aure ne ya raba mu.

Baban Sadik: Ni dai bari in tona wa kaina asiri. Nawa Bajamushe ne, ta hanyar rediyo na same shi, lokacin da Muryar Jamus take Kolon ba ta koma Bon ba. Da takardar nan shuɗiya ta jirgi nake rubuta masa, wadda ake ninkewa a lashi gefenta ta zama ambulan, ba a yarda ka sa komai a ciki ba. Don haka rubutu ƙanana kamar tururuwa, har a gefe-gefe. Yaron kirki, shi ya ba ni labarin faɗuwar katangar Balin a 1989 da bakin wanda abin ya faru a ƙasarsu. To sai abokai suka zuga ni, wai kana da Bature kana zaune haka? A wasiƙa ta biyar na nemi agogo da kyamara. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Na sake rubuta biyu, ko gezau. Har gobe in na tuna sai kunya ta kama ni. Maman Ummi, ki ja mata kunne tun yanzu, kada ta roƙi komai.

Tsohuwar 'yar boda: Baban Sadik, ai ba kai kaɗai ba ne, rabin ajinmu haka suka kori nasu.

Ɗan Damagaram: Ku kuna ta ƙetare teku, ni iyaka kawai na ƙetare, kuma na sha mamaki. A filin gaishe-gaishe na rediyon Kaduna na ji adireshin wani ɗan Gusau, na rubuta masa. Dukanmu Hausawa, amma wasiƙata ta farko sai da ya nemi mai taya shi karatu. Mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko a Nijar, da salon Faransanci muke rubuta Hausa, "ina gaida kou", "tchikin gari". Babbar rigimar ita ce da na ce masa mahaifina mushe ne. Ya aiko min da ta'aziyya haɗe da faɗa, wai ko da ya rasu bai kamata in kira shi haka ba. A wurinmu mushe malamin makaranta ne! Tsohon yana raye, shi ya fi kowa dariya. Sai kuma lissafin kuɗi, in na ce dala ashirin shi ya ɗauka kuɗin Amurka ne, alhali sefa 100 nake nufi. Shekara 30 ke nan, ɗana na biyu sunansa ya ci, kuma da ya aurar da 'yarsa ni na yi mata alwali.

Anti Kumasi: Mu a Zango wasiƙa ta 'yan'uwa ce, kakana yakan sa ni rubuta wa danginsa na Kano. Amma na yi ƙawa ɗaya a Kanada ta makaranta. Tambayarta ta farko ko ina ganin zaki a hanyar makaranta. Na ji haushi, na ce zakin da na taɓa gani a gidan zu yake. Sai kuma ni na tambaye ta ko a gidan ƙanƙara suke kwana. Kowa ya rama.

Malam Na-Firamare: Ni ta wani ɓangaren zan zo. Shekara 22 ina koyarwa, kuma na gwada wannan da 'yan aji biyar. Kada a haɗa yarinya 'yar shekara 7 da baƙon da aka tsinto a Facebook, ko da ya turo hoton yaro. Aji da aji ake haɗawa, malami da malami, adireshin makaranta ne a kan ambulan ba na gida ba. Ni da wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare, yana koyarwa a Kalaba, muka haɗa namu. Yarana suka aika zanen rijiya da guga da ganyen kuka a leda, nasu suka aiko da hoton kwalekwale da bawon dodon koɗi. Wani yarona da ko jimla biyu ba ya iya haɗawa ya cika shafi guda, don kawai yana son ya san ko gaske ne ana ruwan sama a can har cikin Disamba. Matsala ɗaya, ƙunshinmu na biyu ya ɓace a hanya, yara suka yi wata biyu suna tambayata kullum. Daga nan sai na koma ba direban mota a tasha.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri, na karanta mata duka, ta fi son na mushe. Malam, na ɗauki shawararka, na yi magana da malamarsu. Ɗan Damagaram, in kana da jika sa'arta a taimaka mana. Yau da safe mun je gidan waya, mutum biyu kacal muka tarar, ta zaɓi kan sarki da kanta ta lasa ta ce ba daɗi. Ta riga ta zana tukunyar tuwo da kakarta a gefe. Tun a mota take tambaya ko amsar ta iso, alhali ko sunan da za mu rubuta a bayan ambulan ɗin ba mu samu ba tukuna.