Shawarwari ga Mai Karatun Tarihin Amurka da na Duniya a Jami'a

Abin da malamai suka fi nanatawa shi ne haddar shekaru kaɗai ba ta ba ɗalibi maki, hujja ake nema. Idan aka tambaye ka musabbabin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, ka fara da takardun lokacin kafin littafin aji. Misali, sanarwar da jihar Karolina ta Kudu ta fitar a Disamba 1860 kan ɓallewarta daga Amurka ta ambaci bautar da bayi ƙarara. Ka tambayi kowace takarda: wa ya rubuta, yaushe, don wa, me yake so a yarda da shi? Nan ne da yawa ke tuntuɓe, su ɗauki maganar ɗan siyasa tamkar shaidar ɗan ba-ruwanmu.

A tarihin duniya kuwa, ka zana jadawali, nahiyoyi a jere, shekaru a gefe. Sai ka ga Haiti ta samu 'yanci a 1804, shekarar da Shehu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu.

Wajen rubuta maƙala, sakin layi na farko ya faɗi matsayarka. Ka riƙa rubuta lambar shafi tun kana karatu, don nemanta daren miƙa aiki wahala ce.