Ciwon gwiwa da baya: wurin wa kuka je, kuma me kuka gani?

Babban Yaya (Kurna):
Assalamu alaikum jama'a. Gwiwa ce ta matsa wa Hajiyarmu. Ta haura shekara 60, jiki kuma masha Allah akwai shi. Sallah yanzu sai a kan kujera, tashi daga tabarma sai an kama ta, in ta miƙe kana jin gwiwar tana ƙas-ƙas. Gidan ya rabu. Inna, ƙanwarta, ta ce sanyi ne, a kira wanzami ya yi ƙaho. Ƙanina ya ce mai kemis ɗin layinmu yana da wani haɗi da ba ya ƙarya. Ni asibiti nake so, amma Hajiya ta ce ba za ta je ta wuni a benci a ƙarshe a ce mata tsufa ne ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari. Masu tallar magani don Allah a yi haƙuri.

Tela daga Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Maganar haɗin nan ce ta sa na kasa wucewa.

Ni baya ne, daga ƙugu zuwa ƙasa, kun san zaman keke, musamman in azumi ya raba tsakiya ɗinki ya taru. Mai kemis ya riƙa ƙulla min ƙwayoyi a 'yar farar leda, da fara da ja da wata 'yar mitsitsiya, ba kwali ba suna. Wallahi yana aiki. In na sha da daddare, da asuba garau nake tashi. A haka na daɗe. Fuskata ta ciko, kumatu suka fito, abokai suna ta tsokana wai amarya ta iya girki. Sai ƙirji ya fara zafi, wata rana na ga bayan gida ya koma baƙi ƙirin. A asibiti likita ya ce in kawo ledar. Ya zazzage a kan tebur yana ware su da bakin biro: wannan diclofenac, wannan piroxicam, 'yar ƙaramar kuma dexamethasone. Ya ce biyun farko 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ci ciki ya taɓa ƙoda, baƙin bayan gidan nan jini ne. Ƙibar kuma ba ta arziki ba ce, aikin ƙaramar ce, kuma tana tayar da suga da hawan jini. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya hana ni yanke ta lokaci guda, a hankali aka riƙa rage min ita.

Amma zan faɗi gaskiya, har yau muna gaisawa da mai kemis ɗin. Shi ne yake buɗe ƙarfe goma sha ɗaya na dare, shi yake ba ka bashi, ya san sunan 'ya'yanka. Ba mugunta ba ce, abin da ya gada a wurin ubangidansa ke nan. Sai dai kar a ba mai shekara 60 abin da ba a san sunansa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Surukata duk bayan 'yan watanni sai an yi mata ƙaho a gwiwa da kafaɗa. Tana samun sauƙi na ɗan lokaci, ta yi barci, sai ya dawo. Ni dai abin da na tsaya a kai, a ɓare sabuwar reza a gabanmu. In Hajiya tana da suga kuwa kar a fara, tsagar ba ta saurin warkewa.

Direban Adaidaita:
Ni fa kar a raina na gargajiya. Na yi targaɗe a idon sawu, ƙafa ta kumbura suntum. Mai ɗorin unguwarmu, wanda ya gada kaka da kakanni, ya zaunar da ni a dakali, ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya shafa man kaɗanya, ya bi da yatsa har ya gano wurin, ya yi tofi. Bai tambaye ni kati ba, bai ce in je in biya a kawo rasit ba, abin sadaka kawai na ajiye. A wani asibiti kuwa da na taɓa zuwa da ciwon wuya, likitan bai ko ɗago kai ba, ina magana yana rubutu, hannunsa bai taɓa jikina ba. To wa zan koma wa?

Malamar Firamare (Zariya):
Ɗan'uwa, targaɗe daban, karaya daban. Yaron maƙwabciyarmu ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a sama da gwiwar hannu. Aka ɗaure shi da kara tamau. Yaro yana ihu dare da rana, ana cewa ƙashi ne yake haɗewa. Uwar ta ga yatsu sun yi sanyi sun fara duhu, kakarsa ta hana a kwance, wai in an je asibiti yankewa za a yi. Da aka kai shi asibitin koyarwa na Shika an ceci hannun, amma yatsun sun ƙandare har yau, ba ya iya riƙe biro da shi. Wannan tsoron na "za su yanke" shi yake sa a makara, makarar kuma ita take kawo yankewar.

Direban Adaidaita:
Allah sarki. Gaskiya ne Malama. Shi namu in ya ga karaya ce cewa yake a je a yi hoto tukuna, in kusa da gaɓa ce ma ba ya taɓawa, asibitin ƙashi na Dala yake turawa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Mai Aikin Gashi:
Ina aiki a sashen gashin ƙashi, kuma maganar Direba ba ta ba ni haushi ba, don akwai gaskiya a ciki. Mutum ya zo da ciwo, in ba ka taɓa wurin ba, ba ka yi masa bayani ba, ko maganin daidai ka rubuta ba zai yarda ba. Mu kuma mu ne tashar ƙarshe. Kafin mutum ya iso gare mu ya sha haɗi, ya yi ƙaho, ya shafa Aboniki da man zaitun, ya sha jiƙo, kuɗin ma ya ƙare.

Babban Yaya, ba zan yanke hukunci ban ga Hajiya ba, amma yadda ka kwatanta ya yi kama da cinyewar guringuntsin gwiwa. Ba ya komawa sabo, wannan kam gaskiya ce, duk wanda ya ce yana da maganin da zai tsiro da shi kuɗinku yake so. Sai dai ba a nan maganar ta ƙare ba. Naman cinya shi yake ɗauke wa gwiwa kaya, in ta daina tafiya saboda ciwo sai ya saki, ciwon ya ƙaru. Muna koya wa masu irin wannan ciwon motsa jiki mai sauƙi, tana zaune a kujera ta miƙe ƙafa ta riƙe ta sauke. A rage nauyi ko kaɗan ne, a canza mata masai zuwa na zama, ta riƙe sanda a hannun da yake ɗaya ɓangaren, ba ɓangaren mai ciwon ba. Maganin shafawa ya fi sauƙi ga cikin tsofaffi a kan na haɗiya. Na ga dattijai mata da aka shigo da su a keken guragu sun koma zuwa biki da ƙafarsu. Na kuma ga waɗanda sai da aka sauya musu gwiwa, wasu a nan gida, wasu a Masar ko Indiya.

Ba kowane "sanyi" ne iri ɗaya ba. Matashiya da yatsun hannayenta biyu suke kumbura, su ƙage da safe ta kasa murɗa famfo, wannan wani amosanin ne daban, yana da nasa maganin, kuma in aka yi jinkiri yatsun karkacewa suke yi. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi rau ga zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar.

Babban Yaya (Kurna):
Na gode Anti. Na karanta mata, ta ce in dai mace ce za ta duba ta, ta yarda. Sandar ce ta ce ba yanzu ba.

Ɗan Maraɗi:
Mu a nan in abu ya gagara ko dai asibitin Galmi ko a tsallaka Kano. Babanmu baya ya dame shi, yana ramewa, yana zufa da dare har sai an sauya masa riga. Aka ce jifa ne, an sha rubutu, an yi turare, an sayi ƙwayoyi wurin masu yawo da magani a tire. Da ƙafafu suka fara nauyi, wani ƙullutu ya fito a tsakiyar bayan, sannan muka kai shi likita. Ashe tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, alhali ko tari ba ya yi. Ya yi kusan shekara yana shan magani, kuma kyauta ake ba da shi. Yana tafiya yanzu, sai ɗan doro da ya rage. Rubutun ma bai bari ba, yana haɗawa, mu dai ba mu hana shi ba tunda ƙwayar ba ta wuce shi.

Alhaji Mai Shadda:
Ni nawa ku yi dariya. Bayan Babbar Sallah, an ci soye an ci kayan ciki, tsakar dare babban ɗan yatsan ƙafata ya kama wuta, ko zanin rufa ya taɓa sai na yi salati. Uwargida ta haska ƙarƙashin gado tana neman kunama. Gwajin jini ya nuna gawut ne, wani nau'in amosanin gaɓɓai. Ina shan allopurinol kullum, an raba ni da hanta da ƙoda da lemon kwalba. Balangu kam muna gaisawa daga nesa.

'Yar Sikila:
Kuna ta maganar wa za ku yarda da shi. Mu namu a juye yake, mu ne ba a yarda da mu ba. Ciwo ya tashi, ƙashi kamar ana sara, ka je wani asibitin cikin dare ka faɗi sunan allurar da take maka aiki, sai a kalle ka a ce ka saba da ƙwaya ne. Ni da nake da ciwon tun ina goye, ba zan san sunan maganina ba? Ƙuguna ya daɗe yana ciwo ina ɗingishi, a gida ana cewa sanyi ne, a asibiti ana cewa ai sikila ce a yi haƙuri. Wata likita ce ta kwantar da ni ta juya ƙafar ciki da waje, ta ga inda nake cije baki, ta tura ni hoto. Kan ƙashin cinyar ne jini ya daina isa gare shi. Tun daga ranar duk asibitin da ta koma can nake bin ta, ko mota biyu zan hau.

Tela daga Fagge:
Allah ya ƙara sauƙi ƙanwata. Anti mai gashi, mu masu zaman keke fa? Sallah tana matsowa.

Mai Aikin Gashi:
Ɗaga kujerar har ƙugunka ya ɗan fi gwiwa tsawo, ka naɗe tawul ka sa a ƙasan bayanka, ka matso da keken kusa don ka daina sunkuyo. Duk rigar da ka gama ka miƙe tsaye, yanka da guga ka yi su a tsaye. Tunda cikinka ya taɓa zubar da jini, paracetamol ne naka, ibuprofen ma ka bar shi sai likita ya ce. In ciwon ya fara sauka ƙafa da dindiris, ko ƙafar ta yi rauni, ka zo a duba. In fitsari ya fara kufce maka ko ya ƙi fita, wannan ba a kwana da shi.