Koci na so in shiga tseren miƙa sanda biyu, ni kuma mita 200 nake hari. Yaya zan yi?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Wata magana ce ta hana ni barci kwana biyu, na kawo ta nan don na san akwai waɗanda suka riga ni sa takalmin ƙusa.

Ni ɗalibi ne a wata jami'a a nan Kumasi, aji uku. Mita 200 nake gudu tun ina sakandare, tun zamanin Inta-Ko, gasar makarantun sakandare, a filin Baba Yara. Lokacina mafi kyau daƙiƙa 21.3 ne, amma da agogon hannu aka ɗauka, kuma agogon hannu ba ya cin kasuwa a waje. Duk wanda ya gani zai ƙara maka 0.24 a kai, in ma ya tsaya dubawa. Na rubuta wa makarantu huɗu a Amurka neman tallafin karatu, guda ce ta amsa, ita ma a taƙaice: in turo lokacin na'ura, da shaidar cewa iskar da ke bayana ba ta wuce mita 2.0 a daƙiƙa ba. Gasar jami'o'i da za mu je nan da mako bakwai da na'ura za a yi ta. Ban ga wata dama kamarta a bana ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Koci ya sa ni a tseren miƙa sanda na 4x100, wato mutum huɗu kowa mita 100, ni ne na uku, mai cin kwana. Ya kuma ce zan shiga 4x400. Yadda jadawalin yake, ranar ƙarshe za a yi 4x100, bayan awa ɗaya da 'yan mintuna a yi zagayen ƙarshe na mita 200, sannan a rufe da 4x400. Ga shi tsokar bayan cinyata ta hagu tana ja na tun watan jiya. Ba ciwo sosai ba, amma ina jin ta duk sanda na fito daga kwana.

Yaran nan uku da muke 4x100, shekara biyu muke tare. Wanda ke miƙo mini sanda, ɗan Tamale, da takalminsa na yi gudu wata huɗu lokacin da nawa ya yage. Ba zan iya kallon idonsa in ce na fita ba. Amma kuma Mma da kuɗin waakye, wato shinkafa da wake, take biya mini makaranta, kullum kafin asuba tana gaban murhu. In na sami tallafin nan na sauke mata kaya.

Ku ba ni shawara don Allah. In gudu duka uku, ko in ce wa koci 200 kaɗai zan yi?

Baba Mai Agogo, Nima:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka haɗa abu uku a tukunya ɗaya, bari mu raba su.

4x400 kada ta dame ka. Bayan 200 ɗinka take, kuma a can ana iya canza mutum ba tare da an rushe komai ba, don mai karɓa yana kallon sandar da idonsa, gudun ma ya ragu. Kowane mai gudun 400 ko 800 zai iya tsaya maka.

4x100 kuwa wani abu ne daban, kuma ina so ka fahimci abin da ya sa kocinka ya riƙe ka. Filin musayar sanda mita 30 ne. A cikinsa dole sandar ta bar hannu ta shiga hannu, mutum biyu suna tsala gudu, mai karɓa kuma ba ya waiwaye. Ka san filastar da kake mannawa a layinka bayan ka auna da tafin ƙafa? Wannan awon naka ne kai da ɗan Tamale, ba na kowa ba. Da saurinsa da saurin tashinka aka fitar da shi. In an cire ka, musaya biyu aka taɓa: ta na biyu zuwa na uku, da ta na uku zuwa na huɗu. Kuma ba kowa ne ya iya karɓa da hannun dama ya manne wa gefen ciki na layi a kwana ba. Shi ya sa ake ba masu 200 wannan wuri.

Dubi Japan a Rio, 2016. Babu ko ɗaya cikin su huɗun da ya taɓa gudun mita 100 ƙasa da daƙiƙa 10 a lokacin, amma suka ci azurfa da 37.60, Jamaika kaɗai a gabansu. Hannu ne ya ci musu. Mu kuma a Tokyo, 2021, yaranmu na Ghana sun yi 38.08 a zagayen share fage, suka kai zagayen ƙarshe na Olamfik, aka soke su saboda musayar sanda. A Faris 2024 ma an sake soke su saboda musayar sanda, wannan karon tun a zagayen share fage. Na zauna a ɗaki na rasa abin cewa. Da hannu ya zauna, a gasar duniya ta 2025 ga su da 37.79.

Game da gajiya kuwa, na horar da yara shekaru da yawa, mita 100 guda ba ta cinye lafiyayyen mai 200 in yana da awa ɗaya. Sau da yawa ma tana buɗe masa jiki. Ka lura, lafiyayye na ce. Ita cinyar ce abin dubawa.

'Yar Mamobi:

Ƙanena, ni zan yi magana ne daga ɗaya gefen, don an taɓa bari na a tsaye da sanda.

Shekarar da zan gama jami'a ni ce ta huɗu a 4x100 na mata. Tun farkon zango muke atisaye, ƙarfe biyar da rabi na safe, har cikin hunturu leɓe na tsagewa. Ranar gasa, mun riga mun ɗumama jiki, an kira sunayenmu, sai ta biyunmu ta zo ta ce ba za ta yi ba, tana adana ƙafa don mita 100. Aka jawo wata yarinya mai tsallen nesa, baiwar Allah ko sau ɗaya ba ta taɓa karɓar sanda a hannun ta farkonmu ba. Ta tashi da wuri, ta fice daga filin musaya hannu wayam. Ni ina can kwana ta ƙarshe ina jira, sandar ba ta iso ni ba. Tseren ƙarshe na rayuwata ke nan, ban taka ko taku ɗaya ba. Mahaifina ya taso tun daga Mamobi a tirotiro, wato motar haya, don ya gani.

Yau shekara tara, ban riƙe ta a zuci don ta zaɓi mita 100 ba. Kowa da abin da ya kawo shi fili, ita ma tana da uwa kamar taka. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ta san ranta tun makonni, ta yi shiru don kunya, sai da lokaci ya ƙure. Da ta faɗa da wuri da mun koya wa wata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kana da mako bakwai. Duk abin da ka yanke, ka faɗa a wannan makon, kuma yaran nan uku su ji daga bakinka, ba daga bakin koci ba.

Kawun Asawase:

Ban yarda da duk abin da Baba ya faɗa ba, da girmamawa. Ni tsokar bayan cinya ce ta raba ni da gudu. Ita ma da ɗan ja ta fara, na ɗaure ta da bandeji na ce ba komai, a kwana ta tsinke kamar an jefe ni da dutse. Wata biyar ina ɗingishi. A 4x100 kana tashi ne daga tsaye, wuya a karkace, sannan ka miƙa hannu baya kana kan cikakken gudu, a kwana. In akwai inda za ta tsinke, nan ne. In ta tsinke kuwa, ka rasa 200, su ma sun rasa tseren. Ka je wurin likitan gashin jiki gobe, ba wurin mai tausa ba. Makaranta za ta sami wani na uku baɗi, kai ba za ka sami wata cinya ba.

Malamin Lissafi, Madina:

Abu guda zan ƙara, tunda Amurka kake hari. Kada ka ɗauka miƙa sanda ɓata lokaci ne a wurinsu. A gasar jami'o'insu maki ake tarawa, na ɗaya 10, na biyu 8, na uku 6, kuma tseren miƙa sanda yana kawo maki daidai da na mutum ɗaya. Kocin da zai kashe kuɗin makaranta a kanka yana lissafin wurare nawa zai iya sa ka. Ka sa a ɗauki bidiyon gudunka na kwana ka haɗa da lokacin 200.

Joseph Paul Amoah, ɗan tseren Ghana, daga sakandaren Prempeh da jami'ar KNUST a Kumasi ya wuce jami'ar Coppin State a Amurka. A gasar Afirka da aka yi a Legon a watan Maris 2024 ya ci zinare a mita 200, ya kuma ci azurfa a 4x100 bayan Najeriya. Gaskiya ba rana ɗaya aka yi su ba, don haka damuwarka tana nan. Amma ɗaya bai hana shi ɗaya ba.

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya 'yar Mamobi, labarinki ne ya tashe ni. Na karanta shi sau uku.

Jiya na bi maganar Kawu na je aka duba ƙafar. An ce ba ta yage ba, amma ta fi ta dama rauni. An hana ni cikakken gudu na kwana goma, an ba ni atisayen ƙarfafa ta, in koma a sake dubawa.

Daga can na wuce wurin koci na faɗa masa komai, har maganar Amurka da ban taɓa gaya masa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce me ya sa sai yanzu. Ya cire ni daga 4x400 nan take. A 4x100 kuma mun tsaya a kan cewa ina nan, amma daga Litinin wani yaro ɗan aji ɗaya zai riƙa karɓar sanda tare da ni, a fitar masa da nasa awon. Saura mako biyu gasa za a yanke wanda zai gudu, bisa abin da likita ya gani.

Da yamma na tara yaran a bakin fili na gaya musu. Biyu sun ce ba komai. Ɗan Tamale bai ce uffan ba, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Yau da safe na iske shi ya riga ni zuwa, yana nuna wa yaron nan yadda ake buɗe tafin hannu, amma har muka tashi bai yi mini magana ba. Baba Mai Agogo, yaron ya fi ni jinkirin tashi. Taku nawa kake ganin ya kamata mu fara gwada masa?