Wasan labari na zaman duniyar Mars a WhatsApp: yaya za a yi ya yi kama da gaske?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Mu goma sha huɗu ne a guruf ɗinmu nan Maradi, muna son fara wasan labari a kan ƴan sama jannati da suka kafa zango a duniyar Mars. Kowa zai ɗauki suna da aiki: likita, makanike, mai kula da shuka, mai tuƙa mota. Biyu daga cikinmu suna zane a waya, su ne za su riƙa fitar da hoton abin da ya faru. Wace doka za mu kafa don kada wasan ya koma tatsuniyar gizo da ƙoƙi? Kuma masu zanen wane launi za su bi? Wanda ya san abin ya taimaka.

Malam Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ku raba guruf ɗin gida biyu. Mutum shida su zama ƴan Mars, bakwai su zama cibiyar da ke kula da su daga ƙasa, ɗaya ya zama alƙalin wasa. Shi kaɗai ne zai kasance cikin guruf biyun, shi ke ɗauko saƙo daga nan ya kai can.

Dalili shi ne jinkiri. Saƙon rediyo yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa, wato kilomita miliyan 18 a minti. Nisan Mars da mu yana canjawa, daga wajen kilomita miliyan 55 zuwa miliyan 400. Raba nisan da miliyan 18, sai ka samu mintunan. In kun ce ana kan miliyan 225, saƙo zai ci minti 12 da rabi kafin ya isa, amsa ta ci wani 12 da rabi. Alƙali ya riƙe saƙon a hannunsa har lokacin ya cika, ko da wa ke kuka. A nan daɗin wasan yake. Makanike ya rubuta cewa iska na zurarewa daga ɗaki, ya san ba zai ji komai daga gida ba sai bayan minti 25, dole shi da abokansa su yanke shawara. Su kuma ƴan cibiya su koyi rubuta umarni cikakke a saƙo guda, don mai cewa "me ka gani?" ya ɓarar da rabin awa a banza.

Kusan kowane wata 26 rana tana shiga tsakaninmu da Mars, hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, kan daina aika umarni ga motocinta da ke Mars na wajen mako biyu. Ku sa wannan cikin wasa, ku rufe hanyar gaba ɗaya na kwana biyu ko uku. Tazarar wata 26 ɗin nan ita ce kuma tsakanin damar harba kumbo da ta gaba, tafiyar kuma kusan wata bakwai ce: motar NASA mai suna Perseverance ta tashi 30 ga Yuli 2020, ta sauka 18 ga Fabrairu 2021. Saboda haka ba wanda zai ce "a aiko mana da kayan gyara" a kawo mishi jibi kamar saƙon tashar Katsina.

Sai lissafin numfashi. Mutum ɗaya yana shaƙar iskar oksijin kusan kilo 0.84 a yini, mutum shida kilo 5 ke nan. Alƙali ya buɗe littafi, shafi ɗaya na oksijin, ɗaya na ruwa, ɗaya na wuta, kullum da dare ya cire abin da aka ci ya turo wa ƴan wasa. Iskar Mars kashi 95 cikin 100 irin wadda muke fitarwa ce daga huhu, kuma ana iya tatsar oksijin daga cikinta. Na'urar gwaji MOXIE da ke jikin Perseverance ta yi hakan, amma duk aikinta giram 122 ta samar. Mutum guda zai shanye wannan cikin awa uku da rabi. Ku ba zangonku babbar na'ura irinta, ku sa ta zama mai cin wuta, don duk ranar da wuta ta yi ƙasa numfashi ya shiga cikin lissafi.

Hajiya Mai Zane:

Sannu ɗana. Ka kai wa masu zanenku wannan.

Kuskuren farko, a zuba jan fenti ko'ina. Ƙasar Mars ba jar wur ba ce, ta fi kama da jar ƙasar gini da ta sha rana, da duwatsu masu duhu-duhu. Samaniya da rana ruwan ƙasa ce mai haske. Ɗan Maradi ba ya buƙatar a yi mishi dogon bayani: ya fita bakin gulbi ranar da hazon hunturu ya sauka, ya dubi yadda rana ke zama fari fat kamar faranti, nesa kuma ta dushe. Ya ɗauki hoton wannan, ya ɗebi launin daga ciki. Amma wajen faɗuwar rana abin juyawa yake: a can kewayen ranar shuɗi ne, saboda yadda ƙurar mai laushi ke watsa haske. Ranar kanta a rage mata girma, kusan kashi biyu cikin uku na yadda muke ganinta.

Mars wata biyu gare ta a samaniya, kuma kada a zana su manya. Phobos bai kai rabin faɗin watanmu a ido ba, siffarsa kamar dankali, yana fitowa daga yamma ya faɗi gabas. Deimos ɗigo ne kawai, kamar tauraro mai haske. Duniyarmu ma ɗigo ce a can, tana bayyana da asuba ko da almuru, irin yadda muke ganin Zara.

Kada a zana wuta tana ci a waje, babu iskar da za ta riƙe ta. Kada a zana fuska tana haske cikin hular ɗan sama jannati da tsakar rana, aikin masu fim ne don a ga ɗan wasa. Gilashin hular yana da rufi mai ruwan zinariya, abin da ke gaban mutum shi ke fitowa a jikinsa kamar madubi. Rigar kuma cike take da iska, ba ta lanƙwasa yadda ake so, gwiwa da gwiwar hannu su yi kauri, daga sau zuwa ƙwauri a shafa ƙura.

A manhajar zane ta ibisPaint ku yi aiki falle-falle: samaniya daban, tsaunin nesa daban, ƙasar kusa daban, mutane daban, sannan falle na ƙarshe na hazo a sama, a rage ƙarfinsa zuwa kashi 15 ko 20. In aka haɗe su wuri ɗaya, gyaran launin samaniya zai ɓata mutanen. Mai kwamfuta ya sauke Stellarium, kyauta ne, ana iya canja wurin tsayuwa zuwa Mars a ga yadda samaniyarta take. Hotunan NASA galibi an yarda a yi amfani da su, amma tambarin hukumar ba a yarda a liƙa shi kan riga ko abin sayarwa ba sai da izini, ku ƙirƙiri naku. Kuma in za a tura zane, a tura shi a matsayin takarda, don in an tura shi a matsayin hoto WhatsApp na matse shi, samaniyar ta fito layi-layi.

Makaniken Sola:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ya wuce maganar wuta da sauri, alhali nan ne rigimar take. Hasken ranar da ke isa Mars bai kai rabin namu ba, wajen kashi 43 cikin 100. Faifan sola da ka san abin da yake ba ka a rufin gida a Zariya, can raba shi biyu ka ƙara ragewa. Sannan ƙura. Mu nan in hunturu ya rufe faifai, bokiti da tsumma sun wadatar. Can ba ruwan sama, ruwan sha kuma a ƙidaye yake. Motar NASA mai suna Opportunity an yi ta don aikin kwana 90, ta kusa shekara 15, sai guguwar ƙura ta Yuni 2018 ta rufe rana, batirinta ya mutu. Na'urar InSight ma ƙurar da ta taru kan faifanta ce ta kashe ta a Disamba 2022. Motocin Curiosity da Perseverance ba su dogara da rana ba, zafin sinadarin fulutoniyam suke juyawa ya zama wuta, kuma abin da kowacce ta fara da shi wajen wat 110 ne kacal.

Dokar da zan ba ku: kowane kwana huɗu na wasa a cire kashi 1 cikin 100 na wutar faifai, sai in wani ya fita ya share, fitar kuma ta ci oksijin da batirin riga. Kowane mako alƙali ya jefa ɗan ludo a gaban kowa, ya ɗauki bidiyo don kada a ce ya yi son kai. In shida ta fito, guguwa ta taso, wuta ta koma kashi ɗaya cikin biyar. Sai a zauna a zaɓi abin da za a kashe: fitilun ɗakin shuka, ko na'urar ɗumama ɗaki, alhali da dare sanyi na kai digiri 80 ƙasa da sifiri.

Abu ɗaya dai, kada guguwar ta ɗauke mutum ko ta kifar da mota. Kaurin iskar can bai kai kashi 2 cikin 100 na tamu ba, ko tana gudun kilomita 100 a awa ba ta ture ƙato. Duhun da take kawowa shi ne bala'in.

Ɗan Bagalam:

Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Yaya za mu yi da lokacin salla a labarin? Kuma in reso ya ɗauke wa wani, ko kuɗin intanet ɗinsa ya ƙare, wasan zai tsaya?

Malam Mai Lissafi:

Yinin Mars awa 24 ne da minti 39, asuba da almuru duk akwai su, don haka labarinku ba zai sha wahala ba wajen lokutan salla biyar. Sai dai agogonsu zai riƙa zamewa daga namu. Bayan kwana 18, azahar ɗinsu ta faɗa tsakar darenku. Kada ku bi wannan a zahiri, ƴan lakwal za su daina barci. Alƙali ya riƙa rubuta agogo biyu a kan kowane saƙo, na Maradi da na zango, ya isa. Maganar alƙibla kuwa, da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi tashar sararin samaniya a 2007, malaman ƙasarsa sun rubuta jagora: ya fuskanci Ka'aba in zai iya, in ba hali ya fuskanci duniya, in ba hali duk inda ya samu. Kuna iya ɗora labari a kan wannan, hukuncin kansa ku bar wa malamai.

Wanda ya ɓace awa 24 ba labari, a rubuta cewa yana kwance a ɗakin likita, wani ya riƙe aikinsa. Amma kada a cire shi daga littafi, oksijin ɗinsa kilo 0.84 na nan ana ci kullum har ya dawo.